Daminar da Aka Rufe Rijiyar Ya Falmata

Shekaranjiya aka yi ruwan da ya amsa sunansa a bana. Tun bayan azahar gabas ta haɗe ta yi baƙi, kafin a kira la'asar ya sauko da ƙarfinsa. Na jawo kujera bakin zaure na zauna ina kallon lambatun da ya bi ta gindin katangata, ya cika taf yana gudu da ledoji da robobin lemo. Jikata Ummi ta leƙo ta ce, "Kai dai tsohon nan, da an fara ruwa sai ka zauna kallon kwata, sai ka ce an ba ka gadinta." Na ce mata ai kuwa an ba ni. Ta yi dariya ta koma ciki, ta ɗauka irin surutun tsufa ne. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya riga ya mayar da ni wata damina can baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Shekarar da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ina da mata da ’ya’ya biyu, muna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidanmu na gado a Soron Ɗinki. Sana'ata ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Gidan nan ya cika har ya batse, in ka yi tari a ɗakinka sai an yi maka sannu daga ɗakuna uku. Da na ji ƙaramar hukuma ta yanka filaye can gefen Ƙofar Dawanau ta cikin badala, ban yi shawara da kowa ba sai matata Binta. Na tattara duk abin da allura ta tara mini na samu ɗan fili. Ɗakina na gado kuwa na bar wa ƙanena da ke shirin aure, don haka babu batun komawa.

Wurin kwari ne, gefen wani tsohon kududdufi da aka cike rabinsa da shara da ƙasa. Da rani muka yi gini, ƙasa a bushe ƙamas, kowa na buga tubalinsa yana ɗora azara. Mu ’ya’yan tsakiyar birni ne. Mun tashi mun ga kowane gida da rariyarsa, ruwa ya fita lungu, lungu ya miƙa shi gaba, ba mu taɓa bin sa mu ga inda yake kwana ba. Kakanni sun gama wannan tunanin tun kafin a haife mu. Sai kowannenmu ya huda rariya ta kalli lungu yadda ya gani a gidan ubansa, muka share hannu muka tare.

Tsakanin sababbin gidajenmu da ragowar kududdufin akwai tsohon gida guda ɗaya, na wata dattijuwa Babarbariya da ake kira Ya Falmata. Mijinta malamin allo ne, ya daɗe da rasuwa, ’ya’yanta maza suna fatauci a kudu. A tsakar gidanta, daf da zaure, akwai rijiya mai ruwan daɗi, sanyinsa har haƙori. Da ruwan nan muka kwaɓa ƙasar gini, shi muka sha duk ranin nan, ba ta taɓa hana kowa guga ba.

Ranar da na fara shiga ɗiba ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai mai dogon hanci, daga wace ruga aka tsinto ka?"

Kakana na wajen uba Bafillatani ne. Ban gaji ko ɗan maraƙi ba, Fillanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba, amma hancin ya tona ni. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Na ajiye tulu na ce, "Ya, ai ubangidanki ne ya zo duba lafiyar baiwarsa."

"Ubangida da tulu a ka? Ɗebi ka wuce, Fulata, bawana."

Tun daga ranar ba mu taɓa haɗuwa ba mu taɓa juna ba. In ta faɗi ɗaya sai na rama, in na rama sai ta ƙara, har sai mai jiran guga ya gaji.

Da bazara ta kama, wakilinmu a ƙaramar hukuma ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Garba Mai Goro sunansa, amma kansila kowa ke ce masa. Zafin ranar nan ba ya faɗuwa, ko inuwar darbejiya huci take. Ya share gumi da hannun riga ya ce, "Jama'a, ba zan yi muku zaƙin baki ba. Kun yi murna da aka soke haraji, ni ma na yi, don ubana har ɓuya ya taɓa yi a rumbu saboda shi. To amma da shi ake cika asusun ƙaramar hukuma. Yanzu abin da aka turo daga sama muke jira, in ya zo albashi ya cinye mafi yawansa. Abin da aka ware wa sabuwar unguwa bana aiki ɗaya zai yi. Ko a jawo muku famfo, ko a yi muku lambatu. Ku zaɓi ɗaya, ɗayan sai baɗi in Allah ya kai mu."

Ka tambayi mutum a tsakiyar bazara, maƙogwaro a bushe, ko ruwan sha yake so ko hanyar da ruwan sama zai bi. Ko rufe baki bai yi ba muka ce famfo. Aka haƙa, aka shimfiɗa bututu, aka kafa famfo guda a bakin lungu. Ranar da ya fara zuba yara suka yi wanka da tufafinsu, mata suka yi guɗa daga cikin gidaje. Mun ga amfanin farar hula da idonmu, kuma har yau ban ce ba mu gani ba.

Sai damina ta faɗi, azumi ya biyo ta. Da fari mun ji daɗi, don azumin hadari ba ƙishirwa. Binta ta haihu a kwanakin farko, aka samu mace. Ga aikin Sallah ya taru mini, rigunan mutane da huluna jibge a ɗaki. Na ce bana kam Allah ya haɗa mini alheri ta ko'ina.

Da marka ta zauna, sai muka gane abin da muka yi. Ruwa ya sauko daga indararo, ya bi rariya ya fita lungu, ya tarar da na maƙwabta, suka tsaya suna kallon juna. Ba shi da wurin zuwa. Inda ya saba kwanciya shekara da shekaru, nan muka kafa gadajenmu. Lungu ya zama tafki, ruwan wanke-wanke da na wanka suka gauraya da na sama, wari ya tashi, sauro ya samu gari. Kwaɗi kuwa in suka fara da magariba, liman sai ya ɗaga murya kafin sahun baya su ji shi.

Kullum haka muke yi. In an yi sahur an yi asuba, sai in naɗe wando in ɗauki tsohon kwano in yi ta kwarfar ruwa daga tsakar gida ina watsawa waje, shi kuma yana dawowa ta ƙarƙashin ƙofa. Itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, ga mai jego na bukatar ruwan zafi safe da yamma. Gwaggon Binta da ke zuwa daga cikin gari tana yi mata wanka sai ta yi ta hura wuta har idonta ya yi ja. Rigunan mutane na rataye su a jikin azara don kada su yi fumfuna. Kwallayen Binta da tasoshinta na aure muka ɗora a kan gado, ita da jaririya suka takure a gefe. In na zauna ɗinki ba haske, in na kunna fitila da rana kananzir ya ƙare.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne bangon ɗakin. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Laima ta fara kamawa daga ƙasa, na sa tsinin allura na yi mata alama daidai idon sawu. Bayan ’yan kwanaki ta wuce ƙwauri. Na ce wa Binta ta koma Soron Ɗinki kafin a ga abin da Allah zai yi. Ta ce, "Wane ɗakin? Wanda amaryar ƙaninka ta jera kayanta a ciki? Malam, nan ka kawo ni, nan nake." Wata rana da hantsi muka ji rugugi, muka fito a guje. Katangar Malam Isa baduku, gida biyu tsakaninmu, ta zauna gaba ɗaya ta danne masa akuya. Allah ya kiyaye yaransa sun tafi makaranta. Na dawo na duba alamata, laima ta kai gwiwa.

Muka ɗunguma sai sakatariya wajen kansila. Bai ɓuya ba, wannan na shaide shi. Ya shiga ofis ya fita, ya shiga wani ya fita, sannan ya zo ya zauna tare da mu a kan benci. Ya ce kuɗin bana sun tafi a bututu, babu sauran abin da za a tatsa. Amma akwai ragowar siminti da rodi daga aikin rumfunan kasuwa, ya roƙa an bar masa, kuma za a ba mu birkilan hukuma. Haƙa da ɗauka namu ne, aikin gayya. Sai dai simintin ba zai kai lambatu har bakin titi ba, wannan sai da katafila da kwalbati, sai sabon kasafi. Gajeriyar hanya ɗaya ce zuwa kududdufi, ta tsakar gidan Ya Falmata, ta gefen rijiya. Duba-gari, jami'in tsafta, kuma ya ce ba zai yarda ƙazamin ruwa ya bi ta jikin rijiyar da ake sha ba. In za a bi nan, sai an rufe ta.

Aka haɗa manya aka je wajen Ya Falmata, mai unguwa da liman da kansila, ni ina biye. Ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta saurara har suka gama. Kansila ya ƙara da cewa hukuma ba ta da diyyar da za ta ba ta a yanzu.

Ta ce, "Ɗan nan, na ce maka kuɗi nake nema? Malam ne ya haƙa rijiyar nan da hannunsa shekarar da aka kawo ni, don kada in fita neman ruwa. Da ruwanta aka wanke ’ya’yana ranar da na haife su. Da ruwanta aka wanke shi ranar da ya tafi. An cike kududdufi ba a tambaye ni ba, an yi gini ba a tambaye ni ba, kun zo da tulunanku ban hana ku ba. Yau kuma ita za ku binne? Ku yi haƙuri, ba zan iya ba."

Liman ya ce haƙƙinta ne, babu mai tilasta mata. Muka tashi jiki a sanyaye. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ko ni ne abin da zan faɗa ke nan. Abin da ya fi damuna, har muka fita ba ta dube ni ta ce Fulata ba.

Kwana biyu bayan nan gwaggon Binta ta kwanta zazzaɓi, ba ta zo ba. Ban san wanda ya kai labari ba. Ina tsakar gida ina kwarfa sai na ji sallama, na ɗaga kai na ga Ya Falmata ta tattare zane, tana dogara sanda, ta ratso ruwan lungun nan har ƙwauri. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce a miƙo mata busasshen kara in akwai, ta hura wuta, ta yi wa jaririya wanka, ta gasa mata cibiya, ta tsaya a kan Binta har ta gama nata. Ta daɗe a ɗakin. Can na ji ta ɗaga murya.

"Fulata! Zo nan."

Na shiga. Tana tsaye gaban bango, ta sa babban yatsanta ta danna daidai alamar allurata. Yatsan ya nutse kamar a malmalar tuwo.

"A nan ka ajiye ’yar mutane da ɗanyen goyo?"

"Shi Allah ya hore, Ya."

"Dama wa ya aiki Bafillatani gini? Bukka kuka iya, in ruwa ya zo ku naɗe ku gudu." Ta goge yatsan a gefen zane. Ta dubi jaririyar da ke barci tsakanin kwallaye, sannan ta ce, "Je ka gaya wa mai goron nan ya kawo simintinsa."

Na ce, "Ya, rijiyar Malam fa?"

"Malam ya sha rabonsa ya tafi. Da yana nan da tuni ya ɗauko diga da kansa." Sai ta harare ni. "Kada ka ɗauka don Allah-sarkinka na yi. In ɗakin nan ya danne mini bawa, wa zai riƙa ɗebo mini ruwa a famfon naku?"

Tun da muka san juna, ranar ce ta farko da ta faɗa ban rama ba. Binta ce ta fashe da kuka a madadina.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, kafin a rufe, duk unguwa a zo a sha ruwa da ita. Ran nan da yamma hadari ya ɗan ja baya. Muka taru maza a zaurenta da ƙofar gida, mata suka aiko da kunun tsamiya da ƙosai da ɗan dabino. Da ladan ya kira, ita ta zura guga na farko da hannunta, ta ƙi a taya ta ja. Ta cika moɗa ta sha, ta miƙa wa liman, aka yi ta zagayawa. Na sha ruwa iri-iri a rayuwata, har na Zamzam Allah ya nufe ni na sha a inda yake, kuma ba na haɗa shi da komai. Amma sanyin moɗar nan a maƙogwaron mai azumi yana nan ban manta ba. Muka cika mata randuna da duk wani tulu da ke gidan. Da safe birkila ya ɗaura rodi ya zuba kankare a bakin rijiya. Ba ta fito ba sai da aka gama.

Sai haƙa. Daga an sallame asuba muke kamawa har rana ta ɗaga, mu huta, mu koma bayan la'asar. Masu ɗinki da dukawa da ’yan koli, hannuwan da ba su san diga ba, duk suka yi kanta suka fashe. Ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, in ka cika shebur sai ka yi da gaske kafin ka ɗaga, ga ciki ba komai. Wani lokaci jiri ya ɗebe ka, ka dafa bango ka yi salati ka ci gaba. Kansila ya tuɓe babbar riga ya ɗauki kwanon sarki yana jidar yashi. Malam Isa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ƙuri'a ake nema?" Ya ce, "Ita fa, Malam Isa. Ɗora mini." Ko me yake nema, kansa dai ya ɗauki yashin nan har aka gama. Muka huda katangar Ya Falmata gaba da baya, birkila ya bi da bulo da siminti, inda ya ratsa tsakar gidanta aka rufe shi da murafun kankare don kada wari ya dame ta. Ɗinkin Sallah kuwa na mayar wa wasu kayansu na ba su haƙuri, wani ya yi mini Allah ya sauwaƙe, wani bai sake kawo mini aiki ba.

Muna cikin goman ƙarshe, siminti bai gama shan iska ba, aka tashi da wani irin zafi mai dafa mutum. Bayan azahar gari ya yi duhu, kaji suka shiga akurki. Da ya sauko ba yayyafi ba gargaɗi, indararo har tsalle suke. Duk mazan lungu muka fito muka tsaya a cikinsa, babu mai maganar fakewa. Ruwa ya taru yadda ya saba, ya hau, ya taɓa dokin ƙofata. Ya zo bakin lambatu ya yi ɗan jim, ya juya tarkacen kara da ya tare shi. Malam Isa ya sa ƙafa ya ture karan. Sai muka ji ya ja da wata irin ƙara, ya shige ƙarƙashin katangar Ya Falmata. Muna tsaye muna kallo lungu ya fara sauka, har duwatsun da muke takawa suka fito. Wani ya yi kabbara, muka amsa baki ɗaya.

Na koma ɗaki a jiƙe sharkaf na dafa bango. Yana nan tsaye. Binta na zaune a gefen gado tana ba jaririya nono, ta dube ni ta ce, "Ka canja riga kada ka ja mana mura." Bayan Sallah laima ta fara ja da baya. Ɗakin nan har yau yana nan, an yi masa filasta, a cikinsa Ummi take kwana.

Shekara ta zagayo hukuma ta cika alkawari, aka yi kwalbati a bakin titi, aka ƙara famfo. Yanzu unguwar ta cika har ba a gane inda kududdufi yake. Famfon bakin lungu ya daɗe da ƙafewa, wajen ’yan ga-ruwa muke saye jarka-jarka, masu hali sun haƙa burtsatse. Kansila da Malam Isa da birkilan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya saka musu. Lambatun kuwa bai fasa aikinsa ba. Shi ya sa in hadari ya haɗu nake ɗaukar sanda in bi shi ina tsince ledoji, har bakin katangar gidan da jikokin Ya Falmata suke ciki yanzu.

Ruwan Ya Falmata ni na ɗebo shi. Tun daga washegarin da randunanta suka ƙare, kowace safiya kafin in zauna ɗinki sai na kai mata bokiti biyu daga famfo. Da ’ya’yana suka tasa suka ce in bar musu, na ce ba da su aka yi ba. Haka muka yi shekaru har ranar da aka fito da ita. Takan zauna a kan kankaren rijiyar nan da carbinta, nan ta mayar wurin zamanta. In ta hango ni na shigo ina nishi, sai ta kira duk wanda ke kusa, ko mai tallan goro ne, ta nuna ni da baki ta ce, "Ku duba da kyau. Ba na gaya muku bawana ne ba?"

Duk zolayar da ke tsakaninmu babu wadda ban rama ba, har ranar da ta kwanta ciwon ajali muna yi. Wannan ɗaya ce in ta faɗa nake sauke bokiti in juye mata a randa, in ce, "Haka ne, Ya."